Hatimin da ke Bayan Hoton Jallul

A garin Bir Safsaf duk wanda ya mallaki katin shaida ya taɓa zama a kujerar Ammi Mulud, wato Baffa Mulud. Kujera ce ta ƙarfe mai juyawa, bayanta shuɗin labule da rana ta gama shanye wa launi, shi kuwa Mulud Karrash ya fi shekara talatin yana tsaye gabanta yana faɗin abu ɗaya: "Ɗaga haɓa kaɗan. Rufe baki, hukuma ba ta son ganin haƙora." Shagonsa ne kaɗai na hoto a garin, a matse tsakanin gidan burodi da teburin Si Tayyib mai gyaran agogo. Wani Bature ɗan Sifen ne ya koya masa sana'ar. A shekarar da aka samu 'yanci mutumin ya danƙa masa mabuɗi, ya hau jirgin ruwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Abu biyu aka san Mulud da su. Na farko, ba ya zubar da nagatif, baƙin fim ɗin nan da ake wanko hoto daga jikinsa. Kowanne yana cikin 'yar ambulan da suna da kwanan wata, a jere cikin kwalayen takalma har rufin ɗakin duhu. Na biyu, matsoraci ne, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, in ya hango mai kaki ko da ma'aikacin gidan waya ne sai ya laluba aljihu ya ji katinsa na nan. Matarsa Baya takan ce ranar aurensu da aka harba bindigar murna, ango aka nema aka rasa, sai a bayan randar ruwa aka tsince shi.

Da shekarun jini suka zo, mutum irin Mulud ya rasa inda zai tsoma ransa. Masu bindigar da suka hau duwatsu suka turo masa takarda ta ƙarƙashin ƙofa, wai hoto haramun ne, ya cire hotunan amare daga gilashin shago. Kafin la'asar ya cire su, har da na jarirai. Bai gama farfaɗowa daga wannan ba, wata safiyar Talata a 1994, lokacin da gonakin lemo ke fure, wata mota marar lamba ta tsaya a ƙofarsa. Mutum biyu suka shigo cikin baƙaƙen rigunan fata, ko sallama babu.

"Kai ne mai ajiye fuskokin garin nan?"

"Hoton fasfo kawai nake yi, ya Sidi."

Dogon cikinsu ya ajiye takarda a kan tebur. Sunaye goma sha huɗu ne, duk samarin da Mulud ya sani tun suna goye. "Kowa hoto biyu. Bayan azahar za mu dawo." Ɗayan kuma ya ɗauki hoton da ke jingine kusa da kwalbar biro, ya ƙura masa ido. "'Yarka ce? Masha Allah. Ita ce ke hawa motar ƙarfe bakwai zuwa kwalejin malamai, ko? Nawal."

Mulud ya shiga ɗakin duhu. Ya wanke hotunan duka, ya shanya, ya yanke. Hannunsa kuwa da ya saba, ba tare da ya shawarci kansa ba, ya bi bayan kowanne ya buga hatimin shago da kwanan watan ranar. Cikin mako uku aka kwashe goma sha ɗaya daga cikin samarin, wani a tashar mota, wani a bakin masallaci. Jallul mai gyaran injin ban ruwa, ɗan Masa'uda da ake kira Khalti, wato inna, da tsakar rana aka ɗauke shi a tsakar gidansu, cokali a hannunsa. Wata biyu kafin nan ya zo shagon ya ɗauki hoton takardun aure, har Mulud ya ara masa mataji.

Mulud bai gaya wa kowa ba, ko Baya. Ciwon ciki ya kama shi, likita ya ce gyambo ne, ya hana shi gahawa da barkono.

Shekara biyar aka yi. Ran nan yana share ƙofar shago sai ga Masa'uda lulluɓe da farin mayafi, tana tafe tana dogara hannu a bango. Gwauruwa ce mai toya gurasa, bakinta kuwa ko limamin gari yana shakkarsa. Tsintsiyar ta kusa suɓuce masa.

"Mulud, kana da fuskar ɗana?"

Ya ce yana jin akwai.

"Ranar da suka juya gidan, ko hoton sunansa ba su bar mini ba. Na fara mance inda tabon girarsa yake, dama ne ko hagu. Wanko mini babba, wanda za a gani daga nesa."

Ya wanke mata, ya ƙi karɓar komai, ita ma ba ta matsa ba. Mako bai zagayo ba wasu iyaye mata suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ta waiwaya kafin ta ɗaga labulen ƙofa. Duk Laraba sukan hau mota zuwa babban garin lardi, su tsaya a dandali rungume da hotunan. Shi dai yakan ce wa ransa sana'arsa yake yi, babu dokar da ta hana faɗaɗa hoto.

Ta hanyar matan nan Ustaza Dalila ta san da shi. Lauya ce a wata ƙaramar ƙungiyar kare haƙƙin mutane a Aljiyas, babban birnin ƙasar, ɗaki biyu ne ofishinsu, da injin fakis ɗaya na aika wasiƙa ta layin waya, mai yawan cin takarda. Ƙarfinsu duk a waje yake. Suna da 'yan'uwa irinsu a Rabat da Bairut da Alƙahira, sannan akwai wata babbar ƙungiya a Paris da ta haɗa su, ita ce ke kai takardunsu ofishin kare haƙƙin mutane na duniya da ke Jeniba. Jaridu kuwa kullum cikin zaginsu suke: karnukan farautar Turawa, masu sayar da ƙasa.

Da azahar ɗin wata Asabar ta zo, ita da Masa'uda. Ta zauna a kujerar ƙarfe kamar mai son hoto, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ammi Mulud, mu kaɗai in mun yi kuka a nan, bango ne ke saurare. Amma in takarda ta fita, ta dawo cikin harshe uku, dole wani ya ba da amsa. Amsar da suke bayarwa ita ce yaran nan dutse suka hau da ƙafarsu, ba wanda ya kama su. Muna neman shaidar da ba uwa ba ce, don uwa sun ce kuka kawai ta iya."

"Ni me na gani, 'yata? Cikin duhu nake wuni."

Masa'uda ta ce wa lauyar ta ɗan ba su wuri. Da suka rage su biyu, ta zauna a kan benci, ta gyara mayafi.

"Wanda ya kama Jallul hoto ne a hannunsa. Ya duba hoton, ya duba yaron. Da na riƙe masa hannun riga ya ture ni, hoton ya faɗi a kife kusa da fuskata. Ban yi makaranta ba, Mulud, amma hatiminka na san shi. Yana bayan hoton aurena."

Mulud ya ja da baya. Ya dafa tebur, ya zame har ƙasa.

"Tun ranar kika sani?"

"Tun ranar."

"Khalti, sun ambaci Nawal. Sun san motar da take hawa."

"Ban tambaye ka ba. Shekara biyu ina zagayawa ta bayan kasuwa don kar na ga ƙofarka. Na roƙi Allah ya makantar da kai, sai na ga in ya amsa, wa zai wanko mini ɗana? Tashi, ƙaton banza, kar wani ya shigo ya ce dukanka na yi. Abin da ka yi musu ka yi. Yanzu ka faɗa wa mutanen wajen nan cewa ka yi, da ranar, da sunayen."

Kwana goma sha biyu ya yi yana juya maganar. Abinci ya ƙi shiga. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya leƙa ta bayan labule. A rana ta goma sha uku, Baya na tankaɗen garin kuskus, ya tsaya a ƙofar madafa ya zayyane mata komai, idonsa a kan silifas ɗinsa. Ta dakata da tankaɗen, hannunta cikin gari.

"Shi ne gyambon," ta ce.

"Shi ne."

"Ni ina ta dafa maka romo ba gishiri." Ta karkaɗe hannu. "In ka yi magana za su zo. In ka yi shiru kuma wannan abin zai cinye ka, ni ce dai da jinya ko ta ina. Ka zaɓi wanda za ka iya kallon matar nan da shi."

Wadda aka turo daga ƙungiyar Paris 'yar Lebanon ce, sunanta Jumana. Da takardar yawon buɗe ido ta shigo ƙasar, don da ta faɗi abin da ya kawo ta, a filin jirgi za a juya ta. Masa'uda ta lulluɓe ta da farin mayafi irin nasu, ta ja ta har shagon a matsayin surukar ƙanwarta, bayan ta gargaɗe ta kar ta kuskura ta buɗe baki a titi, don Larabcinta irin na wasannin talabijin ne, kalma ɗaya ta isa ta tona su. Mulud ya rataya allon "ana wanki" a ƙofa, suka shiga ɗakin duhu, ya kunna jar fitila. Ta ajiye 'yar rikoda a kan kwalin takalma.

Ya zauna yana kallon rikodar. Yana jin Si Tayyib ta bango yana gardama da wani a kan batirin agogo.

"Ammo, ka sha ruwa," in ji Jumana, don haka suke faɗin Ammi a ƙasarsu. "Ni ma yayana ya fita sayen burodi a Bairut shekara goma sha takwas ke nan, bai dawo ba. Hoton da mahaifiyata ke riƙewa na ƙungiyar ƙwallo ne, sai da muka yanke mutum goma kafin ya rage shi kaɗai. Da muna da irinka a unguwarmu."

"Irina ne ya ba da su."

"Shi ya sa na hau jirgi."

Ya faɗa. Ranar, motar, rigunan fata, sunayen goma sha huɗu a jere yadda suke a takardar, don bai taɓa mance jerin ba. Ya ciro littafin shago na shekarar ya nuna mata inda ya rubuta "hoto 28" babu sunan mai karɓa. Da za ta tafi ya riƙe bakin mayafinta kamar ƙaramin yaro.

"Sunana ba zai fito ba?"

"Ba zai fito ba. Na yi maka alkawari."

Wata huɗu shiru. Har ya fara cin abinci. Sai wata safiya Si Tayyib, wanda kullum rediyonsa ke kan tashoshin waje, ya leƙo shagon, madubin aiki maƙale a ido.

"Mulud, masu hoto nawa ne a garin nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan da sassafe?"

"A'a, yanzu na ji ana karanta wani rahoto daga Paris. Wai wani M.K., mai shagon hoto a Bir Safsaf, an ɓoye sunansa don tsaron lafiyarsa. Na ce kai, Turawan nan sun iya ɓoye mutum. Wa zai gane?" Ya cire madubin, dariyar ta bar fuskarsa. "Ka rufe ka tafi gida, ɗan'uwa. Ni ban ji komai ba."

Wani ma'aikaci ne a can, mai tsara rahoton, ya ga shaidar ba ta da ƙarfi in ba a faɗi sana'ar mai ita da garinsa ba, ya ƙara. Jumana ta bugo wa Ustaza Dalila tana kuka. Amma magana zarar bunu ce.

Takardar sammaci ta zo washegari: ya bayyana ƙarfe takwas a wani gini bayan tashar jirgin ƙasa, wanda ba shi da allo, kuma kowa ya san shi. Baya ta sa masa singileti biyu da safa mai kauri, ta cusa masa maganin ciki a aljihu. Kafin ya fita ta je shagon waya ta kira lauyar.

Aka karɓi katinsa, aka nuna masa benci a wani dogon lungu. Ba wanda ya ce masa kanzil. Mutane na wucewa da fayil, wani da kofin gahawa. Can ƙarshen lungun akwai matakala mai sauka ƙasa, kuma duk sanda aka buɗe ƙofarta sai wani sanyi mai wari ya taso, Mulud ya damƙe gefen bencin da hannu biyu. Fitsari ya matse shi tun hantsi, ya kasa tambayar banɗaki. Ƙarfe biyar aka miƙo masa katinsa. "Gobe, takwas." Washegari ma haka. Da ya dawo gida ya kasa kwance igiyar takalminsa, sai Nawal ce ta durƙusa ta kwance masa. A lokacin ta zama malama a firamaren garin.

Rana ta uku da la'asar aka kira shi ciki. Mai ofishin matashi ne, fes da shi, yana ƙamshin turare. A gabansa tarin takardun fakis ne masu naɗewa, ya danne su da farantin tokar sigari.

"Zauna, Ammi. Ashe babban mutum muke da shi a lardin nan ba mu sani ba." Ya ɗaga ɗaya. "Rabat. Suna tambayar lafiyarka." Ya ɗaga wata. "Alƙahira. Bairut. Wannan daga Jeniba. Wannan kuma wata ƙungiyar tsofaffin mata ce a Norway, wai suna roƙon a ba ka maganinka a kan lokaci. Ka san Norway?"

"Ban sani ba, ya Sidi."

"Sun san gyambonka. Tun shekaranjiya injinmu bai huta ba, takardarmu ta wata guda ta ƙare a kanka." Ya jingina. "Nawa suka ba ka?"

"Wallahi ko gahawa."

"To kyauta ka sayar da ƙasarka. Ka ga, wannan ya fi muni." Ya turo masa takarda da biro. "Sa hannu cewa baƙuwar nan ta ruɗe ka, ba ka faɗi haka ba. Ka koma shagonka."

Mulud ya ɗauki biron. Ya yi niyyar sa hannu, wannan bai taɓa musantawa ba. Amma biron ya suɓuce masa ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin tebur. Ya sunkuya zai ɗauko, jiri ya ɗebe shi, abin da ke cikinsa ya taso, ya kelaya amai a kan dardumar ofishin, da jini-jini a ciki. Mai ofishin ya zabura ya janye takalmansa. Ya dubi jinin, ya dubi tarin takardun, sannan ya ƙwala wa wani kira.

"Ku fitar mini da shi kafin ya mutu a nan, Norway ta ci mu da rai."

A mota suka kai shi ƙofar asibiti suka sauke. Ba a sake kiransa ba, takardar ma ba a sake kawo ta ba. Amma bayan mako guda aka manna wa shagonsa jan hatimi, wai lasisinsa na da gyara. Nawal kuma aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can kudu cikin sahara, tafiyar kwana biyu a mota. Ranar da za ta tafi ya tsaya a tasha riƙe da jakarta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Don ke na yi na farkon," ya ce. "Ga shi na biyun ya faɗo a kanki."

"Baba, can ma yara ne, su ma ba su iya lissafi ba." Ta karɓi jakar. "Ka dai riƙa shan maganinka."

Shekara huɗu ta yi a can. Shagon kuwa sai bayan wata tara aka buɗe, bayan Ustaza Dalila ta gaji da hawa matakalan ofisoshi. Garin ya rabu a kansa. Mahaifin ɗaya daga cikin samarin ya tare shi a bakin masallaci ya tofa masa yawu a riga, Mulud bai goge ba har ya isa gida. Wasu suka koma kai 'ya'yansu babban gari ɗaukar hoto don kar a gan su a ƙofarsa. Amsa ta zo daga Jeniba cewa an shigar da sunayen goma sha ɗaya cikin waɗanda ake bin kadinsu, an kuma nemi bayani. Masa'uda ta sa aka karanta mata takardar sau uku, ta naɗe ta cikin leda. Ko ɗaya cikin samarin bai dawo ba.

Jumana ta gayyace shi taro a Bairut, inda iyalan ɓatattu daga ƙasashe shida za su haɗu. Ya ce shi da jirgin sama sai a lahira. Masa'uda ce ta je, ta dawo tana cewa matan Maroko sun fi kowa iya kuka, abincin Lebanon kuma duk ganye ne.

Bayan haka ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk Laraba yakan rufe shago ya hau motar babban gari, ya tsaya a wancan gefen titi wajen mai jarida, yana buɗe shafuka yana satar kallon matan a dandali. Bai taɓa tsallakawa ba. Wata Laraba cikin hunturu masu kulki suka zo tarwatsa su. Ya ga an fizge hotuna, ya ga Masa'uda ta faɗi zaune, ana jan mayafinta. Ya ce wa ƙafafunsa su tafi, suka ƙi. Yana nan tsaye, jarida a hannunsa, har motocin suka tashi, dandalin ya yi fayau. Sannan ya tsallaka. Takalminta ɗaya na yashe kusa da kwata, ya ɗauka, ya same ta zaune a bakin dakali tana haki, gwiwarta ta ƙuje.

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Sai yanzu, zakin Bir Safsaf?"

"Motoci ne suka yi yawa a titin, Khalti."

"Sa mini, bayana ba ya lanƙwasuwa."

Ya durƙusa ya sa mata takalmin. Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, suka nufi tasha a hankali, tana ɗingishi tana zagin direbobin da ba sa tsayawa, shi kuma yana waiwaye.